Koren Ƙyallen Tiyata

Ɗakin wankin asibitin can baya yake, bayan kicin, dab da inda ake ƙona shara. Mai zuwa dubiya ba ya bi ta wajen, likita kuwa sai in ɓatan hanya ya yi. A nan Iya ta yi shekara talatin da ɗoriya tana aiki. Duk abin da ta sani game da asibiti daga ƙasa ta san shi, wato daga abin da ake turo mata a keken kaya kowace safiya.

Ɗaki ne dogo mai ƙananan tagogi can sama, ƙasansa ba ya taɓa bushewa. Injin wanki uku ne, kullum ɗaya a lalace, kuma karɓa-karɓa suke yi wajen lalacewar kamar sun haɗa baki. A jikin bango an gina wurin jiƙo da siminti, famfo a kansa, nan ne mazaunin Iya. Hannuwanta sun daɗe da komawa na aikin: yatsun sun yi fari-fari, farcen ya cinye, tafin ya yi kaushi har jikokinta kan ce tana yi musu susa in ta shafa kansu.

A wurin aiki Ruwan Sanyi ake kiranta, ita ta jawo wa kanta. Duk sabuwar ma'aikaciyar da aka kawo, kafin ta gama ajiye jaka Iya ta riga ta karanta mata darasi: "Jini ba a kai shi ruwan zafi, 'yar nan. Ruwan zafi dafa shi yake a jikin zane, ya zauna daram. Ruwan sanyi tukuna, sannan sabulu, kuma kada ki bari ya kwana." Tun ana dariya a bayan idonta har aka dawo ana kiranta da sunan a gabanta, tana amsawa.

Kayan da ke saukowa iri-iri ne. Akwai fararen zannuwan gado, akwai ƙananan na ɗakin yara, akwai rigunan marasa lafiya masu igiya a baya. Sai kuma koren ƙyallen ɗakin tiyata, wanda ake lulluɓe mutum da shi in za a yi masa aiki. Shi a ƙulle yake zuwa, kowane aiki da ƙullinsa, kuma da yake sauran matan ba sa son taɓa shi, Iya ce ke kwancewa. Tun daga ɗagawa take yanke hukunci. In ƙullin ya yi nauyi, ya jiƙe sharkaf har yana ɗiga, sai ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki baiwar Allah, anya wannan ta tashi?" In kuwa ya zo shafal, ɗan tabo nan da can, sai fuskarta ta washe, ta ƙwala wa ƙawarta kira: "Gajera! Zo ki ga mai sa'a."

Gajera ita ce mai guga. Sai ta taka katako take kaiwa ga teburin guga, amma bakinta ya fi na kowa tsawo a ɗakin. Takan sauko daga kan katakonta ta leƙa, ta ce, "Kai, wannan kam uwarta ta yi mata addu'a," su yi dariya, kowa ta koma bakin aikinta.

Ba wanda ya taɓa saukowa ya ce musu mai ƙulli kaza ta koma gida da ƙafarta, ko mai ƙulli kaza an fita da ita ta ƙofar baya. Ba huruminsu ba ne, ba kuma wanda ya ga dalilin gaya musu. Haka Iya ta gina iliminta na tiyata a kan nauyin tsumma, ta kuma riƙe shi gam. A wurinta ɗakin tiyata wuri ne da ake tsiyaye mutum, wanda ya fito da sauran jini a jikinsa ya gode wa Allah.

Mijinta mai gyaran famfo ne, mutum shiru-shiru, ya rasu yara suna makaranta. Da hannuwan nan ta raine su. Babban ya zama direban babbar mota, ana ganinsa in hanya ta biyo da shi. Auta ta zama malamar firamare, ita ke zaune tare da Iya a wani ɗan gida da ke saman shagon kayan gini. A gidan nan akwai doka ɗaya da ba a taɓa karya ba: ba mai yi wa Iya wanki. In Auta ta yi karambani ta wanke mata ko da ɗankwali ne, sai Iya ta ɗaga shi a hasken taga, ta yi tsaki, ta mayar cikin bokiti. "Wannan wanki ne ko gaisuwa kika yi da ruwa?"

Tun tana da shekara arba'in da wani abu aka gano tana da ƙari a mahaifa, irin wanda mata da yawa ke yawo da shi ba su ma sani ba. Likitan da ya duba ta a lokacin, wani dattijo mai furfura, ya tambayi shekarunta, ya ce ta bar shi. "Al'ada ce ke ciyar da shi. Ranar da ta ɗauke, zai ƙanƙance da kansa, ba sai an taɓa ki ba." Iya ta fito kamar ta taka rawa. Kuma gaskiya dattijon ya faɗa. Al'ada ta ɗauke, nauyin marar ya tafi, ta manta da zancen. Shekaru suka ja, aka yi mata ritaya, aka sallame ta da agogon bango da hoton da suka ɗauka a ƙofar ɗakin wanki, Gajera a gaba don kada a rasa ta.

Zaman gida bai karɓi Iya ba, amma ta yi haƙuri da shi. Sai ta fara jin siket ɗinta na matse ta. Ta ce ƙibar hutu ce. Sai fitsari ya fara damunta, yanzu ta fito daga banɗaki yanzu ta koma. Ta ce tsufa ne. Wata safiya ta tashi ta ga tabo a zanen gado, bai fi bakin kofi ba.

Ta tsaya tana kallonsa. Mace ce da ta yi shekaru rabonta da ganin irin wannan. Amma kafin zuciyarta ta gama tambaya, hannuwanta sun riga sun yaye zanen, sun kai shi banɗaki, sun buɗe famfo. Kafin Auta ta tashi shirin makaranta, zane na kan igiya fari tas. Kuma a wurin Iya, abin da ya fita a wanki kamar bai faru ba ne.

Cikin ne bai wankuwa. Wata rana tana miƙa hannu za ta sauko da tukunya daga kan kanta, rigarta ta ɗage, Auta ta gani.

"Iya, ƙani za ki yi mini ne ba labari? Ni fa ban shirya sauka daga kujerar auta ba."

"Ji 'yar banza. Uwarki kike yi wa wannan?"

Auta na dariya ta kai hannu ta taɓa, sai dariyar ta tsaya. Ba taushin ƙiba ta ji ba. Abu ne mai tauri, daga mara har ya kusa cibiya.

Washegari ta ja ta zuwa wurin likitan unguwa, wani ɗan ɗaki a bayan kantin magani, fanka na ta ƙara a sama. Ya danna cikin, ya tura su hoto, suka dawo. Ya ce ƙari ne a mahaifa. Iya ta ce ai tsohon abokinta ne, an daɗe ana tare.

"Kina ganin jini, Mama?"

"Jini? Babu."

Ni dai ba zan ce ƙarya ta shirya ba, a wannan ranar ta farko. Matar da ta yi shekara talatin tana matse jini daga ƙyalle har ya cika wurin jiƙo, in ka ce mata jini, abin da take gani a idonta daban ne da naka. Abin da sabulu ke fitarwa kafin ruwan shayi ya tafasa, ita ba ta sa shi a lissafi. Sai dai likitan bai tsaya nan ba. Ya ce tunda babu jini, a sa ido a kai, a sake hoto bayan 'yan watanni, amma in ta ga ko ɗigo ne, ko ɗigo, ta dawo a ranar. Wannan kam ta ji shi, kunnenta ƙalau. Ta gyara mayafi ta ce to.

Hankalin Auta bai kwanta ba. Ta yi ta duba waya, ta yi ta tambayar malaman makarantarsu, kowa da abin da zai ce. Daga ƙarshe ta ce a je babban asibiti a ji ta bakin wani. Babban asibitin kuwa shi ne wanda Iya ta yi wa aiki. Ranar ce ta fara shigarsa ta ƙofar gaba, ta kuma rasa hanya har sai da Auta ta riƙe mata hannu.

Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar Auta ba, siririya mai tabarau. Da Iya ta kwanta a gadon gwaji, abin da ta fara yi shi ne shinshina zanen, ta murza gefensa da yatsa, ta ce a ranta an rage sabulu tun da ta tafi. Likitar ta daɗe tana dubawa. Ta sa aka sake hoto, ta jera shi da na likitan unguwa.

"Mama, zan gaya miki yadda na gani," in ji ta. "Ƙari irin wannan, in al'ada ta ɗauke ƙanƙancewa yake yi. Naki girma yake. Mai yiwuwa ba komai, mai yiwuwa kuma wani abu ne daban da ya yi kama da shi, hoto ba ya iya rarrabe mana. Da za ki bi ta tawa, a cire mahaifar gaba ɗaya a duba ta."

Auta ta ce, "Likita, na ji akwai hanyar da ba sai an yanka ba."

"Akwai. Ana toshe jijiyar da ke kai masa jini ya bushe, akwai kuma magunguna. Amma waɗannan sai in mun tabbata ƙari ne kawai, ni kuwa ban tabbata ba." Ta juyo wurin Iya. "Jini fa, Mama? Ko kaɗan, ko sau ɗaya?"

A lokacin tabon ya riga ya wuce bakin kofi, ya kuma daina jiran mako ya zagayo. Iya ta dubi ƙasa ta ce babu.

"To alhamdu lillahi," in ji likitar. "Da kin ce akwai, yau ba inda za ki, a nan za ki kwana. Ku je ku yi shawara, amma kada ku daɗe."

Baiwar Allah, don ta kwantar musu da hankali ta faɗi haka, ba ta san ƙofa ta rufe ba. Iya ta ji cewa kalma ɗaya ce tsakaninta da wuƙa, ta kuwa ƙudurta ba za ta furta ta ba. Suna fitowa baranda sai ga mai keken kaya ya nufo su daga ɗakin tiyata. Ƙulli ɗaya ne a ciki, kore, ya jiƙe har ya koma baƙi, yana barin ɗigo a kan siminti. Iya ta manne da bango har ya wuce.

"Ba za a yanka ni ba," ta ce.

"Iya..."

"Ke ba ki san abin da ake yi a ɗakin can ba. Ni na sani. Ni ke wanke shi."

Daga ranar sai abin ya juye. Iyar da ake ja zuwa asibiti ta zama ita ke neman likita. Ta tambayi matar mai shagon ƙasa, ta tambayi maƙwabta, aka yi mata kwatancen wani can ƙarshen gari, sai an hau mota biyu. Auta ta yi murna, ta ɗauka uwarta ta fara kula da kanta. Ba ta gane ba magani Iya ke nema ba, bakin da zai ce a bar ta take nema. Ta kuma zaɓi ranar da Auta ke makaranta ta tafi ita kaɗai.

Likitan mutumin kirki ne, ya ba ta kujera, ya saurare ta. Labarin da ta kai masa wankakke ne, an goge an ninke: tsohon ƙari ne tun na ƙuruciya, cikin haka yake tun da daɗewa, ba ciwo, ba jini. Hoto ɗaya ta nuna masa, ɗayan ta bar shi a gida, ta ce wata yarinyar likita ce ke neman a yi mata aiki. Ya ce in haka ne, ba lallai a yi gaggawar aiki ba, ana iya jira a sake dubawa. Ya ƙara da cewa amma kada ta yi wasa da maganar waccan likitar, tunda ita ta ga abin da shi bai gani ba. Rabin farko Iya ta ɗauko ta kawo gida, rabi na biyu ta bar masa a kan tebur.

"Kin ji ko, Auta? Babban likita ne fa, a shekaru ya haifi waccan yarinyar. Ya ce a bar shi."

Abin da ke ba ni haushi in na tuna, ba a rasa likita ba, ba a rasa mai gaskiya ba. Uku ta gani, kowannensu ya yi mata tambayar da ta kamata, kowannensu ya amsa labarin da aka ba shi. Ita kuma Auta me za ta kama? Tana duba ɗakin uwarta, tana duba kwandon wanki, tana duba igiya. Ba ta taɓa ganin komai ba sai zane fari tas yana shan iska.

Watanni suka wuce. Iya ta koma tashi tun kafin assalatu don ta samu lokacin wanki. Ta sayi zannuwan gado masu duhu, ta ce farin ya ishe ta, ita da ta yi rayuwarta tana zagin mai shimfiɗa zane mai duhu da cewa ƙazanta yake ɓoyewa. Ta yanka tsofaffin tawul ta ninke a ƙasan akwati. Idanunta suka yi fari, leɓenta ya yi fari, hawa benen gidan ya zama sai ta huta a tsakiya. Abinci cokali biyu ta ce ta ƙoshi. Fuska da hannuwa suna ramewa, ciki na gaba. Auta ta sayo maganin ƙarin jini, ta yi magiya a koma wurin mai tabarau, har kuka ta yi. Iya ta ce ai lokacin sake hoton bai yi ba. Tsoro take ji, tsoro mai tsanani, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa, don duk wanda ta gaya wa hannunta zai kama ya kai ta ɗakin can.

Wata safiya Auta ta farka ta ji famfon banɗaki na zuba ba ƙaƙƙautawa. Ta yi sallama, shiru. Ta tura ƙofa. Iya na zaune a ƙasa ta jingina da bango, idonta a lumshe, hannunta ɗaya cikin baho. Bahon ya cika yana ambaliya, ruwan ja wur, ya bi ƙasa ya zagaye ƙafafunta.

"Iya! Innalillahi! Iya, mene ne wannan? Tun yaushe?"

Iya ta buɗe ido da ƙyar. "Rufe famfon, kina ɓarnar ruwa."

"Tun yaushe, Iya?"

"Wannan ai ba jini ba ne, 'yar nan. Ke ba ki ga jini ba."

Mai shagon ƙasa ne ya kai su a motarsa. Likita mai tabarau ta zo, ta ji bayani daga bakin Auta, ta cire tabaran ta goge, ta mayar. Ba ta yi faɗa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Haba Mama." Iya ta juyar da kai wajen bango.

Sai da aka yi kwanaki ana ƙara mata jini kafin ta yi ƙarfin da za a shiga da ita. Yanzu ba ta da bakin musu, ko zama ba ta iya yi sai an tallafe ta. Gajera ta samu labari, ta hauro daga ɗakin wanki da rigar aikinta, tana shigowa tana faɗa.

"Ruwan Sanyi, ashe ke muguwa ce? Ki kwanta a kan zanen da na goge ba ki aiko an gaya mini ba?"

"Shi ya sa na ji yana cizo. Har yanzu ba ki iya guga ba."

Suka yi dariya kaɗan. Da Auta ta fita karɓo magani, Iya ta kamo hannun Gajera ta matse.

"Gobe za su shiga da ni. In kayana sun sauko, ke za ki kwance. Kada ki bar wa kowa. Ki zo ki gaya mini yadda suke, tsakaninki da Allah."

"Ke dai Allah ya tashe ki lafiya."

"Ki yi mini alkawari."

Gajera ta yi alkawari.

Abin da Iya ta riƙe na ɗakin tiyata kaɗan ne: sanyi, fitila mai kashe ido, da koren ƙyallen da aka shimfiɗa a gefe, ninkinsa irin wanda ita ta koya wa matan ƙasa. Sai ta farka a ɗakin kwanciya, maƙogwaro a bushe, ciki a naɗe da bandeji. Ta motsa yatsun ƙafa, suka motsa. Ashe ana fita. Auta na zaune a gefe, idanunta sun kumbura. Babban ma ya zo, yana tsaye a ƙarshen gado da hularsa a hannu, shi da ba ya barin mota ko don bikin 'yan'uwa.

"An gama?"

"An gama, Iya," in ji Auta. "Sannu. Ki huta."

"Cikin fa? Na ji shi da nauyi."

"Kumburin aiki ne. Sun ce zai sauka."

Babban ya ce bari ya je ya duba inda ya ajiye mota, ya fita bai dubi kowa ba.

Washegari da hantsi Gajera ta shigo da fara'arta, tun daga ƙofa take tafa hannu. Ba wanda ya gaya mata komai, ita ma abin da ta sani daga ƙasa ta san shi.

"Ina mai tsoron? Ina mai cewa za a tsiyaye ta? Na sa mai keke ya ware mini naki, ni na kwance da hannuna. Wallahi Ruwan Sanyi, shafal! Ɗan tabo ne a tsakiya, ko jiƙo ban yi ba. Tun da nake a ɗakin nan ban ga mai sa'a irinki ba."

Daɗi ya kama Iya har ta yi dariya, ɗinkin ya ja ta, ta cije leɓe. "Kin ji ko, Auta? Kin ji?"

Auta ba ta juyo ba. Tana tsaye a bakin taga ta ba su baya, kafaɗunta na rawa.

Iya ta dube ta. A hankali ta zura hannu ƙarƙashin bargo, ta ɗora a saman bandejin, ta ɗan danna. Yana nan. Daidai inda yake, da taurinsa, da girmansa, har gefen nan da ya fi tudu ta wajen hagu. Ta daɗe da sanin abin nan a tafin hannunta, ba za ta ɗauke shi kumburi ba. Kuma ko ba ta san komai ba, ta san ba a raba mutum da abu kamar wannan ƙyalle ya sauko a bushe.

"Auta."

"Na'am, Iya."

"Ba su cire ba ko?"

Auta ta zo ta durƙusa a gaban gadon, ta kifa kai a kan katifa. Da ƙyar maganar ta fito. Sun buɗe, sun tarar ba ƙarin ba ne, ciwon daji ne, ya riga ya kama hanji da wurare da yawa. Taɓa shi zai kashe ta a kan tebur. Sai suka ɗebi ɗan kaɗan don gwaji, suka rufe. Likitar ta ce akwai magungunan da za su rage mata wahala. Ta kuma ce da a ce lokacin da suka fara zuwa ne, da wataƙila.

Gajera ta toshe baki da hannu biyu.

Iya ba ta yi kuka ba. Ta kwanta tana kallon silin, can ta ce, "Gajera, waɗancan marasa nauyin. Da nake kiranki ki zo ki gani."

"Ki yi shiru don Allah."

"Wasunsu irina ne ke nan. Muna ta yi musu barka. Masu nauyin kuma, waɗanda nake cewa anya sun tashi, ƙila suna gidajensu yanzu suna shanya."

A baranda keken kaya ya wuce, ƙafarsa ɗaya na ƙara kamar kullum.

Sai ta ji ɗumin da ta saba ji yana bin ƙasanta, yana shiga zanen. Hannunta ya kai gefen katifa da kansa, ya kama bakin zanen zai yaye, don kada ya kwana. Ba ƙarfin ja. Ta riƙe shi haka na ɗan lokaci, sannan ta saki.

"Auta, tashi," ta ce. "Je ki gaya wa likita ina ganin jini."